Idon Abarshi da Kwamfutar da Ba Ta Fito Ba

Assalamu alaikum, ku da ke riƙe da waya kuna jan yatsa. An gaya min a wannan shafi 'yan mata ne ke zuba labarin soyayya, wannan ta yi kuka, waccan ta yini jiran saƙo. To yau ku gyara zama, tsoho ne ya karɓi filin. Sunana Abarshi, mutumin Tabanni, mafarauci ɗan mafarauci. Ban taɓa shiga aji ba ko na yini ɗaya, kuma har yau ban ga abin da na rasa ba. Ina faɗa ne da baki, autata Jannatu tana dannawa a wayarta. Na rantsar da ita: ko inda kunya ta kama ta, ta rubuta yadda na faɗa.

In kun shigo Birnin Gwari kuka tambayi Abarshi, za a ce muku wanne? Ku ce Mai Ido. Shi ke nan, ko ɗan acaɓa zai kawo ku ƙofar gidana. Kwana arba'in da ɗaya na yi a hannun ɓarayin daji. Ranar da suka shiga da mu sun ɗaure mana fuska da tsumma, ni kuwa ta ƙarƙashin tsumman nake karanta ƙasa: nan jar ƙasa ta koma yashi, nan mun taka ganyen kaɗanya, nan mun tsallaka rafi sau biyu. Wata rana tsaka masu gadinmu suka shagala da rabon nama, na miƙe, na ja mutum shida a bayana, na bi sawun shanun da suka sato na juya shi baya har muka fito titi. Babu wanda ya zo ceton mu. Idona ne ya fito da mu. Daga nan muka bar Tabanni, gidan an ƙone shi, uwar yara kuma ba ta kai shekara a cikin gari ba Allah ya karɓi abinsa. Ni da Jannatu muka rage a gidan nan na unguwar Magajin Gari, yayyenta maza kowa da gidansa.

To, a kan Jannatu maganar take.

Akwai wani yaro, Abdulfattah, mai shagon hoto kusa da tasha. Shi ke ɗaukar fasfo, shi ke buga katin biki, shi ke gyara tsohon hoto a kwamfuta. Wata laftof gare shi wadda ta sha duniya, ya naɗe gindinta da salatif, in ta kunnu kuka take kamar injin markaɗe daga nesa. Shekara guda da rabi yana zuwa zance. Bayan la'asar zan ji mashin ɗinsa, yana da wani tari biyu da yake yi kafin ya mutu. Su zauna a benci gindin darbejiya, ni ina zaure a kan buzuna, rediyo a kunne amma na rage murya. Kada ku ce laɓe nake. Zaurena ne.

Ranar Litinin ɗin da abin ya faro, Jannatu ta ci ado. Atamfa koriya mai zanen ganye, ƙawarta Blessing ce ta ɗinka mata, da mayafi ruwan madara, da turaren nan mai kamar lemun tsami. Ta fito tana taku ɗai-ɗai. Shi kuwa ko gama kafe mashin bai yi ba ya fara.

"Jannatu, kin ga abin da aka saka yau? An ce kafin ƙarshen shekara sabuwar laftof za ta fito. Gilashinta, wallahi..."

"Ina wuni dai tukuna, Malam."

"Au, ina wuni. Kin yi kyau. To gilashin nan..."

"Ka ma kalle ni kuwa?"

"Na kalla mana, ai shi ya kawo maganar. Wannan atamfar in na ɗauke ki na saka a tawa, koren nan zai koma kamar miyar kuka ta kwana. A sabuwar kuwa zare-zare za ki riƙa gani. Kin san duk hoton da ke gilashi ɗigo-ɗigo ne aka jera. Na tawa kamar ƙwayar dawa suke. Na waccan an ce sun fi acca ƙanƙanta."

"An ce."

"Har kwamfutar kan tebur ma an ce za a sabunta ta, babba kamar taga. Wasu sun ce tare za su fito, wasu sun ce sai baɗi."

"Wa ya ce?"

"Masu bin diddigin abin. Wani ma ya ga hoton kwalinta."

"Kwali." Na ji ta ja numfashi irin na uwarta. "Abdul, ni ma fa an ce za a sa min rana. An ce, an ce. Ko ni ma sai ka ga hoton kwalina?"

Na toshe baki don kada dariyata ta fita. Shi ma ya yi dariya, ya ce kawunsa Malam Yusha'u na nan zuwa ranar Juma'a, maganar ta zama ta manya. Da ya tsaya a nan da an zauna lafiya. Amma bakin yaro ya ɗauki zafi.

"Ke dai bari ta fito. An ce idon ɗan Adam ba ya iya raba ɗigo ɗaya da ɗan'uwansa. Ko idon Baba, in gaya miki."

Na kashe rediyo.

"Kai, mai hoto!"

Na ji benci ya yi ƙara, ya taso ya durƙusa a bakin zaure. "Na'am, Baba. Barka da yamma."

"Idon wa ka ce?"

"Baba, misali ne kawai..."

"Ni na hango ƙahon gwanki a cikin ciyawar da ta fi ka tsawo. Ni nake ganin jinjirin wata kafin kowa a ƙasar nan. Abin da ba a ma ƙera ba, kwalinsa kawai aka gani, shi za ka ɗora a kan idona? Jibi ka kawo min wadda kake da ita. In ga abin da ake ta yi wa kirari."

Ya ce to. Muryarsa har da murna a ciki, ban gane dalili ba a lokacin.

Dama can 'ya'yana maza ba sa son maganar. Babbansu, Mu'azu, wanda ba na kiran sunansa a gabansa, dillalin hatsi ne, ba ya yarda da abin da bai damƙa a hannu ba. Ƙanensa Usama duk inda yayansa ya taka nan yake takawa. Sun same ni washegari.

"Baba, mutumin nan a kan jita-jita yake rayuwa," in ji Mu'azu. "Tun bara ake ce masa ya sauya kayan aikinsa, ya ce a'a, yana jiran wadda za ta fito. In ta fito kuma za a ce wata na tafe. Haka zai zaunar da yarinyar nan tana jiran gobe. Ba gona, ba rumbu, sai an ce."

"Ranar Juma'a ka sallami kawun nasa da girma kawai," in ji Usama.

Na ce musu bakina nawa ne, sai Juma'ar. Amma gaskiya zuciyata ta karkata wajensu, ba don gona ko rumbu ba. Don maganar idon nan.

Laraba da hantsi ya iso, ya yi wanka da farar shadda, na ji ƙarar sitacinta tun daga ƙofa. Jannatu ta shimfiɗa masa tabarma a zaure, tana ta wani rawar jiki, ta ce bari ta kawo zoɓo, kada a buɗe sai ta dawo. Ni kuwa na ce buɗe, ba na jiran kowa. Ya ɗora abin a kan kujera 'yar tsugune, ya juyo da shi saitin fuskata, ya danna.

"Bismillah, Baba. Duba."

Jannatu, kada hannunki ya tsaya. Rubuta.

Masu karatu, shekara uku ke nan idona yana tafiya. Ya fara kamar hayaƙin ɗanyen itace a gefe, ya zo ya rufe tsakiya. Yau in mutum ya tsaya a gabana, inuwa nake gani mai motsi. Koren atamfar da na ba ku labari, ji na yi ta faɗa wa Blessing a waya. Farar shaddar nan, Jannatu ce ta yaba ta a bakin ƙofa. Taku ɗari biyu da sha huɗu ne daga zaurena zuwa masallaci, akwai kwata a na saba'in. Ina gane mutum da tarinsa, da jan takalminsa, da warin sana'arsa. Duban wata na ce na bar wa yara su ma su koya. Babu wanda ya sani. Wai yanzu Jannatu tana ce min ta fara zargi tun bara. Ƙarya take, rubuta haka.

To ga ni gaban gilashi. Haske na gani, a tsakiyarsa wani abu dogo, ja-ja, ƙasansa da faɗi, samansa ya tsuke, bayansa duhu. Na tuna na taɓa jin yaron yana cewa da hoton daji da namun daji ake gwada kyan gilashi. Na ce a raina, ya kawo wa mafarauci daji ne don ya gwada shi. Na gyara zama, na ɗaga haɓa.

"Wannan ai suri ne," na ce. "Jan suri, irin na hanyar Tsohon Birnin Gwari. Ga kirya can a bayansa. Har ga ramin da dabgi ya tona a gindi. Wannan ne abin da idona ba zai gani ba?"

Shiru.

Na san shiru iri-iri. Na san na daji in zaki na kusa, na san na mutanen da aka ɗora wa bindiga. Wannan daban ne. Na ji numfashin yaron ya tsaya, ya dawo a hankali. Na ji iskar hannunsa ta wuce gaban fuskata, sau ɗaya, a hankali, kamar mai korar ƙuda. Sai na ji ƙaf, ya rufe kwamfutar.

"Baba, ka gafarce ni," ya ce. "Gilashin ne ya mutu. Ta tsufa. Ni kaina ban gane abin da ta nuna ba."

"Na gaya maka," na ce, ina jin daɗi. "Tarkace."

Sai ga Jannatu da tire, kofuna na kaɗawa.

"Har kun buɗe? Haba Abdul, na ce ku jira ni! Baba, ka ga Inna? Ka ga yadda ya fito da ita? Har zanen goshinta, har ɗan murmushin nan..."

Hoto ɗaya tak uwar yara ta taɓa ɗauka a duniya, ranar sunan Jannatu, tana tsaye a ƙofar ɗakinta da jan mayafi. Yarinyar ta fito da shi daga Tabanni a cikin littafin makaranta, ruwa ya ci rabinsa. Ashe sati uku yaron nan yana zaune a kansa yana gyarawa, don su ba ni mamaki.

Matar da na zauna da ita shekara arba'in da huɗu. Na kalli fuskarta na ce suri. Har da ramin dabgi.

Kafin in sami bakin magana yaron ya riga ni.

"Ba ta fito ba, Jannatu. Gilashin ya yi duhu. Baba bai samu ya gani ba."

"Duhu kamar yaya? Jiya fa ka nuna min!"

"Yau ta ƙi. Ki yi haƙuri."

Ya sha zoɓon kurɓi ɗaya, ya durƙusa ya yi min sallama, ya fita. Mashin ɗin ya yi tarinsa ya tafi.

Ba zan yi muku ƙarya ba, tunda na fara. Ba godiya na ji ba. Tsoro na ji, irin wanda ban ji a hannun ɓarayi ba. Mutum ɗaya a duk Birnin Gwari ya san Mai Ido ba shi da ido, kuma shi ne ke neman shigowa gidana, ya riƙa zama a gabana yana kallona da tausayi. Yau ya rufe, gobe fa? In sun yi faɗa da matarsa? In ya yi suɓul da baka a shago? Na yini Alhamis a kan buzu ina juya abin, na tsayar da shawara: ranar Juma'a zan sallami kawunsa. In ya yi nisa da gidan, ko ya faɗa, a ce haushin an hana shi ne.

Kun ji irin mutumin da nake a ranar. Ban ɓoye ba.

Da yamma Jannatu na tsakar gida tana tsince shinkafa, wayar a gefenta. Ita ba ta iya saƙon murya a hankali ba, duk gidan sai ya ji.

"Abdul, ka kunyata ni a gaban Baba. Sati uku ina ɓoye abin nan a cikina. Yaya Mu'azu ya zo na faɗa masa, dariya ya yi, ya ce dama ya faɗa."

Wayar ta yi ƙara. Muryarsa ta fito, a sanyaye.

"Laifina ne. Ban duba ta da kyau ba kafin in taho. In sabuwar ta fito, in sha Allahu..."

"Kada ka sake kira min sabuwar nan! Wallahi na tsane ta tun ba a haife ta ba."

"To. Ki gaida Baba. Ki riƙa kawar masa da butoci daga hanya, tsakar gidanku akwai santsi."

"Wane irin butoci kuma? Ina maganar aurenmu kana maganar buta?"

Ta yi jifa da wayar a kan tabarma, na ji tana jan hanci. Ni kuwa ina zaure, na ƙara muryar rediyo don kada in ji.

Juma'a bayan an sauko daga masallaci zaure ya cika. Na saka babbar rigata mai aska biyu, wadda nake gane gabanta da taurin aikin wuyan. Malam Yusha'u ya zo da goro da alewa, dattijo mai sanyin magana, ya zauna dama da ni. Mu'azu da Usama suna hagu. A al'ada yaro ba ya zama a irin wannan wuri, amma Mu'azu ya aika a ce ya zo da kwamfutarsa ya jira a waje. Jannatu tana bayan ƙyauren cikin gida, ina jin turarenta.

Aka gaisa, aka tambayi damina, aka tambayi hanya. Malam Yusha'u ya faɗi abin da ya kawo shi. Kafin in buɗe baki Mu'azu ya yi gyaran murya.

"Malam, a gafarce ni, ga mahaifina a zaune. Amma mace amana ce. Ɗanku da abu ɗaya yake neman abinci, kuma da bakinsa ya ce abin ya mutu. An ce ya sauya, ya ce yana jiran wata da ba a ƙera ba. Muna so ku gani da idonku, kada a ce mun yi masa sharri. Usama, kira shi."

Yaron ya shigo ya durƙusa can bakin ƙofa.

"Buɗe," in ji Mu'azu.

"Yaya, babu caji."

"Akwai sola a gidan nan. Usama, ja waya."

"Yaya, don Allah a bar ta."

"Ka gani ba? Buɗe mana!"

Na ji an jona, na ji kukan injin markaɗen nan ya tashi. Usama ne ya fara magana, muryarsa ta koma ta ƙaramin yaro.

"Inna ce. Yaya, wallahi Inna ce. Dubi hannunta, dubi zoben azurfar nan."

Mu'azu ya matso gaban gilashin. Na ji ya share hanci da hannun riga. Da ya dawo hayyacinsa, sai ya dawo da fushi.

"Tar take nunawa. Ko kurji babu a gilashin nan. To me ya sa ka ce wa Baba ta mutu? Me ya sa ka sa yarinya kuka kwana biyu?"

Na ji yaron ya gyara durƙuso.

"Da kai nake! Ko so kake a ce ta mutu, don ka sami hujjar ci gaba da jiran waccan ta cikin kwali? Malam Yusha'u, kun ji. Rashin gona mai sauƙi ne. Amma mutumin da zai dubi tsoho ya shirga masa ƙarya a zaurensa, ya hana shi ganin matarsa?"

"Abdulfattah," in ji kawun, "ka ba da amsa. Ka yi ƙarya?"

"Na yi, Kawu."

"Don me?"

"Ba ni da abin faɗa. A yi min hukuncin da ya dace."

Na ji ƙyauren cikin gida ya motsa, wani ƙaramin sauti ya fito daga bayansa, kamar an taka 'yar mage.

Ku duba inda Allah ya ajiye ni. Abin da nake so ya zo har hannuna, ban ko motsa ba. In yi shiru kawai: yaro ya tafi da sunan maƙaryaci, sunana ya zauna daram, babu mai jin maganarsa ko ya faɗa daga baya. Na jira in ji ko zai kare kansa. Na ba shi lokaci, na ƙirga numfashinsa har goma. Kalma uku ce za ta fitar da shi: Baba makaho ne. Bai faɗa ba.

A daji na ga manyan mutane masu gemu suna nuna ɗan'uwansu da yatsa don a rage musu bulala ɗaya. Na san tsadar rufe baki. Na dafa bango na miƙe.

"Kai, babba. Ɗaga hannunka."

"Baba?"

"Ɗaga, ka buɗe yatsun da ka ga dama. Ka ɗaga? To ban san ko nawa ba ne. Ban san ko hannun dama ba ne ko na hagu. Rabona da ganin fuskarka shekara uku."

Wani ya ce innalillahi. Ban tsaya ba.

"Ranar Laraba yaron nan ya ajiye min uwarku a gabana, na ce masa suri ne. Suri! Ya gane a cikin numfashi ɗaya, ya rufe abinsa, ya ɗora wa kwamfutarsa laifi. Ku kuma da na haifa, kullum kuna durƙusawa a gabana, kuna miƙo min goro ina laluben hannunku, ba wanda ya taɓa cewa Baba lafiya? Kai mai auna hatsi da ido, kai ne za ka faɗa min wanda ke gani da wanda ba ya gani?"

"Baba, me ya sa ba ka faɗa ba?" Mu'azu kuka yake sosai.

"Don ni ne Abarshi! Kuma kada wanda ya yi min kuka a zaure. Shekara uku na riƙe garin nan da kunne da hanci, na je kasuwa, na je jana'iza, na raba gardamar iyakar gona, ba wanda ya gane. A cikinku masu ido biyu wa zai iya wannan na sati ɗaya? Malam Yusha'u, miƙo goron nan."

Ya saka min a hannu.

"Na ba Abdulfattah Jannatu. Wanda bai ji daɗi ba ya sha ruwa. Amma da sharaɗi. Kai, mai hoto, matso."

Ya matso har na ji warin sitacin rigarsa. Na laluba na kama kunnensa, ban ja da ƙarfi ba.

"'Yata ba za ta jira kwali ba. Bayan an ɗauke amfanin gona za a ɗaura, ko sabuwarka ta fito ko tana can ana ce-ce. Ka ji?"

"Na ji, Baba." Yana dariya yana shessheƙa, ban san wanne ya fi yawa ba. "Baba, ni ma ina da roƙo. Na tambaya. Abin da ke idonka yana kama da yanar ido, kuma akwai asibitin ido a Kaduna da ake cire ta. An ce..."

"An ce! Ka ji shi kuma."

Duk zauren aka fashe da dariya, har Mu'azu. Daga bayan ƙyaure Jannatu ta manta da kunya ta ɗaga murya: "Baba, wannan an cen dai a gwada shi!"

To, masu karatu, inda muke ke nan. Ranar Litinin za mu kama hanyar Kaduna, ni da babban ɗana da surukin nawa. Wai likita zai sa wuƙa a idon da ya fitar da mutum bakwai daga daji. Na ce ya sa, ya dai wanke hannu. Ko a dace ko kada a dace, babu wanda ya ba ni tabbas, ni ma ban nema ba. Mun yi gasa da yaron: shi yana jiran gilashinsa mai ɗigon acca, ni ina jiran nawa, za a ga wanda zai riga fitowa. Jiya ma ya zo da sabon labari, wai yanzu an ce ta kan teburin ce za ta fara zuwa. Na ce masa ta zo da ƙafarta.

Abu ɗaya na hana shi. Ya ce in sabuwar ta fito zai ba da tsohuwar ga wani mai koyo. Na ce kul. Wannan mai salatif ɗin, mai ɗigon dawa, ya kulle min ita a shago, kada ya taɓa komai a cikinta. A kanta na yi ɓatan bakin, a kanta zan gyara.

Shekara arba'in da huɗu ban taɓa kiran sunan matar nan ba, kunya irin tamu ta da. Ranar da aka kwance min bandeji, kafin in kalli likita, kafin in kalli 'ya'yana, a buɗe min gilashin nan a gaba. Zan dube ta in ce: Hauwa'u, ni ne. Na gane ki.